Takarda Ta Ce Ciwo Ne

Kafin takardar ta shigo gidan, Injiniya yana zaɓen wurin duka. Cinya, gadon baya, haƙarƙari, duk inda riga da zane ke rufewa. Ba injiniyan gaske ba ne, mai gyaran wutar lantarki ne, 'yan unguwa suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu biyu. Amma a wannan fannin kam ya ƙware. Shekara shida yana dukan matarsa, ko maƙwabciyar da suke shanya a igiya ɗaya ba ta taɓa ganin tabo ba.

Matar kuwa Amarya suke ce mata har yau, duk da 'yarta Tsuntsuwa ta cika shekara huɗu. Zazzaɓi ne ya kai ta asibiti, da ciwon gaɓɓai da ya ƙi sakinta har mako uku. Likitan, wani saurayi mai gilashi, yana taɓa gwiwarta sai ya hango baƙin tabo a cinya, faɗinsa ya kai tafin hannu.

"Wannan fa? Faɗuwa kika yi?"

Injiniya na tsaye a bayan kujerarta, ya dafa kafaɗarta kamar mai tausayi. Ta ji yatsunsa sun ɗan matsa.

"Haka nake wayar gari in gan shi," ta ce.

Aka ɗebi jininta. Bayan kwana biyar suka koma, likitan ya juya takardar ya ce, "Akwai wani ciwo da sojojin jikin mutum, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, ke juyowa su far wa ƙananan jijiyoyin jininsa har su kumbura. Gwajin nan irin waɗannan sojojin yake nema a cikin jini. Naki ya nuna alama, amma kaɗan. Ku saurare ni da kyau, wannan ba hukunci ba ne. Yakan nuna haka ga mai wata cuta daban, ko mai shan wasu magunguna, wani lokacin ma ga mai lafiya ƙalau. Ku dawo bayan mako biyu a yi na biyu wanda ya fi wannan tantancewa, a duba fitsari da ƙoda da ƙirji."

Tambaya ɗaya Injiniya ya yi. "Wato, likita, mai wannan ciwon jini na iya kwanciya a fatarsa haka kawai, ba wanda ya taɓa shi?"

"Yana iya, amma..."

Bai tsaya jin abin da ya biyo bayan "amma" ba. Ya naɗe takardar, ya yi godiya har da rusunawa. A hanya ya tsaya shagon masu hoto, aka sa ta a leda aka manne da zafi kamar katin shaida. Da suka isa gida ya miƙa wa mahaifiyarsa, Inna, wadda ke zaune a ɗakin gaba kusa da ƙofa, ba mai shiga ba mai fita sai ta gabanta.

Kwana uku bayan nan ya fara taɓa fuska.

Da safe ne. Tana guge masa rigar aiki, wuta ta ɗauke, ta bar hannu ɗaya bai gogu ba. Ya ɗaga rigar ya duba, ya ajiye ta a hankali, sannan ya kai mata naushi a ido. Ƙeyarta ta bugi bango. Kafin ta miƙe ya damƙi gashinta ya ja ta har tsakar ɗaki, ya sa mata ƙafa a ciki sau biyu. Ba ta yi ihu ba, saboda Tsuntsuwa na shan shayi a bayan labule. Ya sa rigar a haka ya fita, har yana yi wa Inna sai an jima.

Da rana maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta ga idon ya kumbura ya rufe, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Amarya, wa ya yi miki wannan aiki?"

Inna ta riga ta iso da jakarta. Ta zaro takardar, ledar na ƙyalli.

"Ke dai bari, 'yar nan. Lalura ce Allah ya jarabce mu da ita. Jijiyoyinta ne ke fashewa da kansu. Ga shi nan, na'ura ce ta faɗa, ba ni ba. Ɗana duk ya rame saboda tunani."

Maƙwabciya ta karɓa ta juya gaba ta juya baya. Ba ta iya karanta rubutun likitoci ba, amma ta ga hatimi, ta ga sa hannu. "Allah sarki. To ni da nake jin ƙara ta bango da safe..."

"Faɗuwa take yi. Jiri."

"Allah ya ba da lafiya," in ji maƙwabciya, ta ɗauki rariyarta ta tafi.

Ranar komawa asibiti ta zo, Amarya ta yafa mayafi ta fito. Injiniya na tsugune a tsakar gida yana feɗe waya da wuƙa.

"Ina zuwa?"

"Likita ya ce mu koma yau a yi na biyu."

"An gwada sau ɗaya ya nuna. Ni ma'aikacin na'ura ne, in na ɗora mita a waya ta ce akwai wuta, akwai wuta. Koma ciki."

"Ai ya ce ba hukunci ba ne, Baban Tsuntsuwa."

Wayar da ke hannunsa ya ninka biyu, ya shiga zuba mata. Sau bakwai ta ƙirga kafin ta daina ƙirgawa. Inna na daga ƙofarta tana cewa, "Ya isa haka, kar ka gajiyar da kanka, kana da aiki." Da ya fita, ta zo ta tsaya a kan Amarya. "Ke ma da taurin kai. Mutum yana ɗauke da majinyaciya, ba ya ƙorafi, ki riƙa mayar masa da magana? Ko dutse ne ai ya fusata."

Da yamma ya dawo da ƙullin magani. Ya kai takardar wurin mai kemis na bakin titi, shi kuma ya duba sunan ciwon a wayarsa ya ba shi ƙananan fararen ƙwayoyi masu kwantar da kumburi, ya ce shida kullum da safe. Inna ce ke ba ta da hannunta, tana tsaye sai ta haɗiye. Ciwon gaɓɓan ya tafi, zazzaɓin ma dama ya riga ya tafi da kansa. Amma cikin wata ɗaya fuskar Amarya ta cika ta yi zagaye, cikinta na zafi kamar ta haɗiyi garwashi, fatarta ta yi laushi, ko gefen tebur ta goga sai jini ya kwanta. Inna ta riƙa nuna wa baƙi. "Kun gani? Ciwon gaba yake yi."

A cikin wannan hali mahaifinta ya zo. Tsohon direban babbar mota ne, yanzu ƙaramar mota yake ja a cikin gari. Uwata yake kiranta. Da ta ji muryarsa a ƙofa, murna ta cika ta. Ta ce a ranta yau kam an gama.

Ya zauna a kujerar roba, ya dube ta, ya ajiye kofin ruwan da ya fara sha. Leɓenta a fashe, ƙaramin yatsanta na hagu a karkace, ɗaure da tsumma.

"Uwata, mene ne wannan?"

"Baba, ba ciwo ba ne. Dukana..."

"Ka ji ko, Alhaji?" Inna ta katse ta, murya a sanyaye. "Mai kemis ya faɗa mana, maganin yana taɓa kai. Jiya ma cewa ta yi na zuba mata abu a ruwa. Ni! Da nake wanke mata kaya da hannuna."

Injiniya ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa, ya miƙa takardar da hannu biyu. "Baba, ban so in tayar maka da hankali ba ne. Ga abin da asibiti suka gano."

Tsohon ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon takardar, yana bin layukan da yatsa kamar mai karantawa. Amarya na kallon yatsan nan, tana roƙon Allah ya ɗago kai ya dubi hannunta, ya dubi shatin yatsu huɗu da ke damtsenta. Ya ɗago, amma surukinsa ya duba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wani da tuni ya maido mini ita." Sannan ya juyo. "Uwata, ki yi haƙuri, ki sha magani. Ki daina zargin masu jinyarki, ba kyau."

Ya shafa kan Tsuntsuwa, ya ba ta alewa, ya tafi. Tun motarsa ba ta fita layin ba Injiniya ya rufe ƙofar ɗaki. Ranar kunnenta na dama ya yi jini, tun daga nan kuma kamar ta cikin ruwa take jin magana da shi.

Ta daina faɗa wa kowa. Wa za ta faɗa wa? Duk wanda ya ga jikinta ya riga ya ga takardar. Masu zuwa dubiya sukan zauna su yi ta yaba wa Injiniya, wata ma ta ce da mijinta ne da ko ruwa ba zai miƙa mata ba. Abin da ya rage mata dabara ce. Ta koyi jin ƙarar babur ɗinsa tun daga kwana, da kunne ɗaya, ta tura Tsuntsuwa gidan maƙwabciya kafin ya shigo. Ta kwashe wayoyi da filaya daga inda hannu ke kaiwa. In ta ga ya fara shafa gemu, takan matsa can nesa da inda yarinyar ke wasa, don abin ya same ta ita kaɗai.

Wata Asabar da hantsi dabarar ta gaza. Yana gida bai fita ba, ya baje kayan aikinsa a tabarma. Amarya na wanki a bayan gida, kunnen da ke ji yana wajen famfo. Tsuntsuwa ta ɗauki mitarsa, ta ga abu mai allura da lambobi, ta kai shi bokiti ta yi masa wanka kamar yadda take yi wa 'yartsanarta. Har tana waƙa.

Ihun yarinyar ne ya ratsa kunnen da ya toshe. Amarya ta zo da kumfa a hannu, ta tarar ya ɗaga yarinyar da hannu ɗaya, ƙafafunta na lilo a iska, yana zuba mata ninkakkiyar waya a baya. Ta faɗa tsakaninsu ta rungume 'yar, sauran ya sauka a wuyanta da kafaɗa. Ya hankaɗe su duka biyun suka faɗa kan bokitin. Ya ɗauki mitar yana karkaɗe ruwa, yana zagi, ya hau babur ya tafi wurin mai gyara.

Ta cire wa yarinyar riga. Shati biyar, kowanne ya lanƙwasa kamar bakin ƙugiya, biyu sun fashe. Tsuntsuwa ta daina kuka, sai shessheƙa.

"Mama, na wanke masa ne."

"Na sani, 'yata. Kin kyauta. Ba laifinki ba ne."

Inna ta zo ta leƙa. Ta ƙura wa shatin ido, Amarya har ta ɗauka yau tsohuwar za ta ji kunya. Sai ta ji ta ce, "Oh, Allah. Gado."

"Me kika ce, Inna?"

"Ciwonki ne ta gado. Dama ina tsoron haka, ai a jini yake. In wani ya tambaya, abin da za a ce ke nan." Ta koma ɗakinta, ta dawo da kofin shayi da cokali. Ta ɓalla ƙwaya ɗaya gida biyu, ta murƙushe rabin a cokali, ta zuba, ta juya. "Zo nan, kishiyata, sha ki warke. Gara a fara mata da wuri."

Amarya ta dubi kofin. Ta dubi hannunta da ya kumbura, ta tuna garwashin da ke cikinta. Ba ta san lokacin da ta kai wa kofin mari ba. Ya daki bango ya tarwatse, shayin ya gangaro.

"Ke! Ni kika..."

Amarya ta goya Tsuntsuwa ta gaba, a ƙirji, don kar zane ya taɓa bayan. Inna ta riga ta zuwa ƙofa, ta buɗe hannuwa ta tare.

"Ba inda za ki ba izinin mijinki. Wa zai yarda da ke? Mahaukaciya, mai ciwon jini!"

"Inna, shekara shida ban taɓa ɗaga miki murya ba. Ki matsa."

Ba ta matsa ba. Amarya ta sa kafaɗa ta ture ta, tsohuwar ta zame ta zauna daɓas a kan buhun gawayi tana kururuwa. Amarya ta fita ba takalmi.

A asibitin, saurayin likitan ba ya nan. Wata babbar likita ce, mai furfura a goshi. Ta dubi bayan yarinyar, ta dubi fuskar uwar, ta tashi da kanta ta rufe ƙofa ta murɗa makulli. Ta sa aka nemo fayil ɗin Amarya, ta karanta.

"An ce ki dawo bayan mako biyu. Yau wata uku."

"Ba a bar ni ba."

"Wa ya ba ki maganin da ya kumbura miki fuska haka?"

"Mai kemis. Shida kullum."

Likitar ta rufe ido ta buɗe. "Kar ki daina shi lokaci ɗaya, zai kayar da ke. Ni zan rage miki a hankali. Cire mayafin in gani."

Ta duba ƙafafu tun daga idon sawu, ta duba hanci da ido, ta saurari ƙirji, ta aika da fitsari. Sannan ta ja kujera ta zauna daf da ita, ta gefen kunnen da ke ji.

"Ƙanwata, ciwon da ake faɗa, in ya fito a fata, yawanci ƙananan ɗigo ne ja-ja a ƙafafu, kamar an yayyafa. Ba ya zana yatsu huɗu a damtse. Ba ya karya yatsa, ba ya fasa dodon kunne. Fitsarinki ba jini. Za mu yi gwajin na biyu don mu tabbata, amma ko da ya fito da alama, wannan da ke wuyanki da wannan da ke bayan 'yarki waya ce. Kuma ba a gadon ciwon nan haka kamar kamannin fuska. Yanzu ba kowa a ɗakin nan sai mu. Wa ya yi?"

Tambayar da aka yi mata wata uku da suka wuce ce, sai dai yau ba hannu a kafaɗarta. Ta buɗe baki za ta amsa. Tsuntsuwa ce ta riga ta, tana kwance rub da ciki ana shafa mata magani.

"Babana ne. Na wanke masa abu."

"Mijina ne," in ji Amarya. "Tun kafin a ɗebi jinin. Tabon da likitan ya gani ranar ma shi ne."

Likitar ta rubuta komai, ta auna kowane shati da ma'auni, ta ɗauki hoto. Ta kira ma'aikaciyar da ke kula da irin wannan ƙara, ta tambayi Amarya lambar wanda za a kira. Lamba ɗaya ta haddace.

Suna fitowa baranda suka tarar da su. Injiniya da Inna sun iso, mai gadi ya tare su, Inna na ɗaga takardar sama tana nuna wa masu jiran layi.

"Majinyaciya ce, jama'a! Ta gudo da yarinya, ta ture ni, ga shaida!"

Wasu har sun fara gyaɗa kai. Injiniya ya hango Amarya, ya sassauta murya. "Haba, Maman Tsuntsuwa. Zo mu tafi gida ki sha maganinki."

Mahaifinta ya shigo a daidai lokacin, makullin mota a hannu, yana haki. Inna ta tare shi da takardar. Likitar ta matso da yarinyar gabansa. Ta ɗaga rigar Tsuntsuwa kawai, ta juya bayan yarinyar wajen haske.

Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaure kaya a bayan mota ya san shatin da igiya ke bari in an ninka ta. Ya tsaya yana kallo. Ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya janye. Sannan ya juyo ya dubi wuyan 'yarsa, da damtsenta, da yatsan da ya karkace, ɗaya bayan ɗaya. Ban da na wuyan, duk suna nan ranar da ya zo ya sha ruwa ya sa albarka. Ba abin da aka ɓoye masa ranar. Takarda mai hatimi ta fi sauƙin kallo, shi ya sa ya kalle ta, kamar yadda maƙwabciya ta kalle ta, da mai kemis, da duk masu dubiya. Gwajin bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya gani ya faɗa, likita kuma ya ce a dawo. Mutane ne suka ɗauki rabin magana suka rufe bakin mace da ita.

"Baba, wallahi sharrin ciwon ne," in ji Injiniya, ya fara durƙusawa.

"Kar ka kuma ce mini Baba."

Tsohon ya juya ga 'yarsa. "Uwata, ki yi..."

"Kar ka ce in yi haƙuri, Baba. Na yi. Ga shi nan a bayan jikarka."

Ya sunkuyar da kai. Ya cire takalmansa, manya, na maza, ya ajiye su a gaban ƙafafunta da suka yi ƙura.

"Sa," ya ce. "Miƙo mini ita. Ta ina zan riƙe ta kar in fama mata?"